Yadda Jami'in Hulɗa da Jama'a Zai Ƙulla Aiki da Mawallafan Intanet Masu Zaman Kansu

Lokacin da na fara aikin hulɗa da jama'a a Jos, hanyar isar da saƙo a bayyane take. A buga sanarwa a takarda, a kai kwafi ofishin jaridar Nigeria Standard, wadda take fitowa tun 1972, a kai wani kwafin gidan rediyo da talabijin na jiha, wato PRTVC, sannan a raba sauran ga wakilan manyan jaridu. Har gobe waɗannan ƙofofi suna da amfani, amma mai sayar da kabeji a kasuwar Farin Gada da ɗalibar Jami'ar Jos da direban da ke lodi a tashar Bauchi Road sun fi samun labari daga wayarsu, kuma sau da yawa wanda ya rubuta labarin mutum ɗaya ne tilo: shi ne wakili, shi ne edita, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne kuma mai neman talla. Irin waɗannan nake kira mawallafan intanet masu zaman kansu, ko suna da kafar labarai tasu, ko a Facebook, TikTok da YouTube suke aiki.

Jarin mawallafi guda ɗaya ne, wato amanar masu karatunsa, kuma duk matakan da ke tafe na gina su ne a kan kai masa abin da zai ƙara masa wannan amana. Domin bayani ya zauna, mu ɗauka kana yi wa wata ƙungiyar manoman dankalin turawa aiki, mai mambobi a Bokkos da Mangu, inda ake noma kaso mai yawa na dankalin ƙasar nan, kuma ƙungiyar ta gina rumbun ajiya domin rage asarar da ruɓewa take jawowa.

Kayan aiki

Kana buƙatar waya mai kyamara mai kyau da isasshen wurin ajiya, da layi na musamman domin aiki wanda za ka ɗora masa WhatsApp Business, don kada saƙon mawallafi ya nitse cikin gaisuwar dangi da katunan ɗaurin aure. Ka haɗa da fawa banki, domin ranar da ka fita ƙauye ba ka da tabbacin wuta. Sai adireshin imel mai ɗauke da sunan ma'aikatarku, idan kuwa babu, ka buɗe Gmail da sunan ofis maimakon wanda ka buɗe da laƙabinka tun kana makaranta. Kwamfuta tana sauƙaƙa rubutu, amma waya ma ta wadatar. Rajistar sunaye ana yin ta a Excel ko Google Sheets, wanda bai saba da su ba kuma ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi ya ja layuka. Ka sa allon rubutu na Gboard ka zaɓi Hausa domin samun ɓ, ɗ da ƙ, tun da ƙasa da kasa, ko ɓari da bari, ba ma'anarsu ɗaya ba.

Akwai abu biyu da suka fi duk waɗannan. Na ɗaya izini a rubuce daga shugabanku, wanda ya fayyace wa zai yi magana da yawun ma'aikata da kuma nawa aka ware wa wannan aiki. Na biyu rajista da Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda aka kafa a 1963, kuma doka ta 16 ta 1990 ta ba ta ikon tantance masu wannan sana'a. Idan ba ka yi ba tukuna, ka fara bin hanyarta tun yanzu.

Mataki na 1: Tsayar da magana da wanda ake so ya ji ta

Kafin ka nemi kowa, rubuta a jimla ɗaya abin da kake so mai karatu ya sani, da abin da kake so ya yi bayan ya sani. Misali: manoman dankali su san cewa akwai rumbun da za su ajiye amfaninsu har farashi ya gyaru, su kuma zo su yi rajista kafin girbi. Idan jimlar ta ƙi tsayuwa, to maganar ce ba ta nuna ba, ka koma wurin shugabanni a daidaita ta. Wannan jimla ita za ta nuna maka mawallafin da ya dace, domin wanda manoman Mangu suke karantawa daban ne da wanda dillalan kayan gwari suke bi.

Mataki na 2: Nemo mawallafa da tantance su

Hanya mafi inganci da na sani ita ce tambayar mutanen da kake son kaiwa gare su. A taron mambobi, ka tambayi mutum goma, maza da mata, matasa da dattawa, wa suke karantawa ko kallo a waya, har ma ka roƙi wani ya buɗe wayarsa ya nuna maka. Sunan da ya fito sau uku ka rubuta shi. Bayan haka ka shiga gurbin bincike na Facebook da TikTok da YouTube ka rubuta kalmomi irin su "dankali Bokkos" da "farashin kayan gwari", da Hausa da Turanci duka, domin a Jos akwai masu rubutu da kowanne, akwai kuma masu gauraya su. Masu gabatar da shirye-shiryen noma a gidajen rediyo ma sun san wanda yake aiki da wanda yake hayaniya kawai.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ga yawan mabiya ya ruɗe. Mabiya ana sayen su. Mawallafin da manoma dubu biyar na gaske suke karantawa ya fi maka amfani a kan mai mabiya dubu ɗari biyu da ba ka san inda suke ba. Saboda haka ka zauna ka karanta aƙalla rubutu ashirin na baya-bayan nan na kowane mutum, kana lura da abubuwa kaɗan. Shi yake nemo labarinsa, ko yana kwafo na Aminiya da BBC Hausa ne ya cire sunansu? Masu mayar masa da martani mutane ne da suke maganar wuraren da ka sani, ko kuwa alamun yabo ne iri ɗaya a jere? Idan ya yi kuskure yana gyarawa a fili? Facebook yana da sashen da ke nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka, kuma idan ka ga shafin barkwanci ne aka mayar na labarai watanni kaɗan da suka wuce, ka san mabiyan ba don labari suka taru ba. Hoton da ya ba ka shakka ka sa shi a Google Lens ka ga ko tsoho ne daga wata ƙasa. Ka kuma duba ko masu binciken gaskiyar labari irin su Dubawa, wadda ta fara aiki a 2018, sun taɓa ƙaryata wani abu da ya yaɗa.

Akwai awo guda da a Jos ba na tsallake shi: yadda mutum ya yi rubutu a ranar da hankali ya tashi. Ka koma baya ka nemo abin da ya wallafa lokacin wani hari ko dokar hana fita. Na taɓa ba wani mai ɗimbin mabiya labarinmu ba tare da na yi wannan bincike ba, ya wallafa shi da kyau, amma bayan kwana biyu ya sa tsohon hoton gidaje da aka ƙona yana cewa a daren jiya ne. Labarinmu yana zaune daidai ƙarƙashin wannan hoto, kuma na yi mako guda ina amsa kiran mambobinmu da suke tambaya ko ƙungiyarsu ta ɗauki ɓangare ne. Tun daga ranar, wanda na ga yana hura wuta ba ya shiga rajistata, komai yawan masu binsa.

Ka tabbata sunayen da ka tara sun ratsa gari. A samu wanda ake karantawa a Unguwar Rogo da Gangare, a samu wanda ake karantawa a Tudun Wada da Bukuru, a samu Musulmi da Kirista, kuma kada a manta da mata masu rubutu a kan girki da kasuwanci, domin su ne suke magana da masu suyar dankali da masu saye da kwando.

Mataki na 3: Rajista

Suna goma sha biyar zuwa ashirin sun ishe ka farawa. Ga kowane mutum ka rubuta sunansa kamar yadda shi yake rubuta shi, da yadda ake kiransa, Malam ne ko Hajiya ko Mista ko Madam, da kafar da yake aiki, da harshensa, da fannin da ya fi ƙarfi, da lambar waya da imel, da lokacin da ya fi amsa saƙo. Ka bar gurbi mai faɗi na tarihin hulɗa: ranar da ka tuntuɓe shi, abin da ka aika, da abin da ya biyo baya.

Kada ka dogara da hanya ɗaya ta samun mutum. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Wanda yake da lambar kira da imel a rubuce bai tsaya ba. Wannan rajista kuma amana ce, ga shi Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tara bayanan mutane, don haka kada ka miƙa ta ga wani ofis, kada kuma ka jefa mutum cikin guruf na WhatsApp ba da izininsa ba.

Mataki na 4: Sabo tun kafin buƙata ta taso

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan farkon saƙonka ga mutum shi ne "don Allah a wallafa mana wannan", ka shiga layin mutum hamsin da suka aiko masa irinsa a ranar. Ka ba kanka wata guda ba ka roƙi komai ba. Ka kira ka gabatar da kanka, ka ambaci wani rubutunsa da ka karanta da gaske, ka nemi ya ba ka minti ashirin ku gana a inda ya fi masa sauƙi. Zumunta a ƙafa take, kuma kofin shayi ɗaya da kuka sha tare da safiyar hunturu ya fi saƙo talatin. A zaman, ka fi yawan saurare: wane irin labari masu karatunsa suke so, rubutu ya fi so ko bidiyo, me yake ba shi haushi daga jami'ai irinka.

Daga nan ka zama majiyar da yake samun amfani da ita. Idan ya tambayi nawa buhu yake a kasuwar Bokkos a wannan mako, ka kira mambobinku ka ba shi amsa cikin awa guda. Idan cutar da ke ƙona ganyen dankali da damina ta ɓulla, ka haɗa shi da malamin gona da zai yi bayani, ko da sunan ƙungiyarku ba zai fito ba. Wanda yake nesa, ko wanda bai yarda a gana ba, kiran waya na hankali ya wadatar.

Mataki na 5: Haɗa ƙunshin labari

Sanarwa kada ta wuce shafi ɗaya, kuma sakin layi na farko ya faɗi abin da ya faru, a ina, yaushe, da abin da zai canza wa manomi. Yawancin sanarwar da ake jefarwa suna farawa ne da jerin muƙaman shugaba da godiya ga manyan baƙi, sai a layi na goma sha biyu a ambaci rumbun. Ka juya tsarin: rumbu da buhunan da zai ɗauka da kuɗin ajiya su zo a sama, shugaba ya zo da jimla ɗaya mai ma'ana a tsakiya. Kowane adadi ka gan shi a takarda da idonka kafin ka rubuta, kada ka ɗauka daga bakin wani a waya. Ka sa maganar manomi ko manomiya guda da ta faɗa da bakinta, bayan ka karanta mata abin da ka rubuta ta amince.

Ta Hausa a rubuta ta da Hausa tun daga tushe. Idan ka zuba ta Turanci a manhajar fassara, za ta fito da jimlolin da ba mai faɗarsu a kasuwa, mawallafi kuma ko dai ya watsar, ko ya wallafa a yi masa dariya. Idan Hausarka ba ta kai ba, ka faɗa wa wanda ya iya labarin da baki, shi ya rubuta.

Hotuna uku zuwa biyar sun isa, kuma su nuna aiki: buhuna a jere a kan katako, hannun da ke tsince ruɓaɓɓe, ƙofar rumbu a buɗe. Hoton manya a kan kujeru guda ɗaya ya wadatar. A WhatsApp ka aika su a matsayin fayil, domin idan ka tura su kai tsaye manhajar tana matse su su rage kyau. Kowane hoto ya zo da bayanin wanda ke ciki da wuri da rana da sunan mai ɗauka, kuma ka tabbata kuna da izinin amfani da shi, tun da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi hoton da aka sa a intanet. Masu aiki da bidiyo ka ba su gajere wanda bai kai minti ɗaya ba, an ɗauka da waya a tsaye, muryar mai magana tana fita sosai.

Sai maganar lafazi, wadda a nan garin ba ƙarama ba ce. Mutanen Jos sun ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, kuma kalma ɗaya tana iya tayar da tsohon miki. Kada ka ambaci ƙabila ko addinin kowa sai idan labarin ba zai tsaya ba sai da shi, kuma ka nisanci duk kalmar da ke raba mutane zuwa 'yan ƙasa da baƙi, ko sunan da wata al'umma take ɗauka a matsayin raini. Sunayen garuruwa da sarautu ka rubuta su yadda masu su suke rubutawa: Gbong Gwom Jos, Mishkaham Mwaghavul, ba yadda kunnenka ya ji ba. Ni dai kafin sanarwa ta fita nakan ba abokan aiki biyu, Musulmi da Kirista, su karanta, in tambayi kowannensu ko akwai inda ya ji wani abu ya soke shi.

Mataki na 6: Aika saƙo

Kowane mawallafi da nasa saƙon, da kuma fuskar labarin da ta dace da masu karatunsa. Mai rubutu a kan kasuwa ka nuna masa batun farashi, mai rubutu a kan mata ka haɗa shi da manomiyar, mai bidiyo ka gaya masa abin da kyamararsa za ta gani. Ga irin yadda nake rubutawa:

"Assalamu alaikum, Malam. Barka da aiki. Na karanta rubutunka na makon jiya a kan asarar da masu dankali suke yi bayan girbi. Ƙungiyarmu ta kammala rumbun ajiya a Bokkos, za a fara karɓar kaya ranar Litinin, kuma na ga ya dace da abin da ka fara bibiya. Ga bayani a shafi ɗaya da hotuna huɗu. Idan kana son magana da manoman da kansu, zan haɗa ku yau. Na gode, Allah Ya taimaka."

Ga wadda ba Musulma ba sai in fara da "Barka da kwana, Madam, yaya aiki, yaya sanyi?" Sauran duka ɗaya ne.

Safiyar Talata zuwa Alhamis ta fi karɓuwa. Ka guji tsakar ranar Juma'a da safiyar Lahadi da gab da buɗa-baki a watan azumi, haka ma ranakun Sallah da Kirsimeti, sai fa idan labarin na bikin ne. Idan imel ɗaya za ka tura wa mutane da yawa ala tilas, ka sa adiresoshin a gurbin BCC don kada kowa ya ga na kowa. Tsarin WhatsApp na tura saƙo ɗaya ga jama'a da yawa kuma yana isa ne kawai ga waɗanda suka ajiye lambarka, shi ya sa wasu suke zaton an yi banza da su alhali saƙon bai je ba. Bayan kwana biyu ka tuna masa sau ɗaya, idan ya yi shiru ka bar shi, kada ka nuna fushi. Idan kuma ka yi wa wani alkawarin shi zai fara fitar da labari, ka riƙe sauran har sai ya fitar.

Mataki na 7: Kai su su gani da ido

Gani ya kori ji. Mutum biyar ko shida a mota ɗaya sun fi taro mai cika zaure. Wurin haɗuwa ya zama inda kowa zai je hankalinsa kwance, kamar tsakiyar gari, domin har yanzu akwai unguwannin da wasu ba sa sakin jiki da shiga. Daren tafiya ka kira mambobinku da mai unguwar wurin ka ji halin tsaro da na hanya, musamman a Yuli da Agusta da ruwa yake da ƙarfi. A fita da sassafe a dawo kafin magariba, a faɗa musu su riƙo rigar sanyi, a tanadi abincin da kowa zai ci da lokacin salla. Idan an isa, ka gabatar da su ga manoma ka ja baya, domin manomi ba ya sakin baki idan jami'in ƙungiya yana tsaye a kansa, mawallafi kuma yana gane maganar da aka shirya. Idan hanya ba ta yi ba, ka kawo manoma biyu Jos da samfurin dankalin da aka ajiye da wanda ba a ajiye ba, a aza su a kan tebur ɗaya.

Mataki na 8: Maganar kuɗi

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci, kuma ba na ganin laifin mawallafin da ya yi maganar kuɗi, domin da aljihunsa yake sayen data da man mashin, babu mai biyansa albashi. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka raba kuɗi gida uku, kada ka bari su cakuɗe.

Na farko kuɗin mota da abinci ga wanda ka gayyato. A ƙiyasta abin da tafiyar take ci da gaske, a ba kowa daidai, a sa hannu a takarda, kuma a faɗa a fili cewa ba sharaɗin wallafawa ba ne.

Na biyu talla. Idan kana son a wallafa rubutunka yadda ka tsara shi, a ranar da ka zaɓa, ba a taɓa ko harafi ba, to talla kake saye, kuma halal ne matuƙar an kira shi da sunansa. Ku rubuta yarjejeniya ko da ta rabin shafi ce: sau nawa za a sa, a wace kafa, kwana nawa zai zauna, nawa ne kuɗin. A biya ta banki, rabi kafin aiki rabi bayansa, a karɓi rasit. A saman rubutun a sa kalmar "Talla" inda kowa zai gani. Wasu shugabanni sukan so a ɓoye wannan kalma don a zaci labari ne, ka tsaya ka fahimtar da su cewa ranar da masu karatu suka gano, mawallafin da ƙungiyar duka za su rasa yarda. Ka kuma sani cewa dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, a madadin tsohuwar hukumar APCON ta haɗa da tallan intanet, kuma tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar da shi, saboda haka ka nemi ƙa'idojinta kafin ka kashe kuɗi.

Na uku ambulan da ake cusa wa mutum don ya yabe ku ko ya binne wani labari. Ko an kira shi na goro, cin hanci ne, kuma ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana ɗan jarida karɓar irinsa. Wanda ka saya yau, gobe wani zai fi ka tayi. Idan aka ce maka "ina namu?", ka amsa da mutunci: "Malam, wannan labari ne, idan ya yi wa masu karatunka amfani ka ɗauka. Idan muna da talla, da kai za mu fara, da farashinka da rasit." Sannan ka cika wannan magana idan tallan ya zo. Wanda ofishinsa ba shi da kasafi ko kaɗan yana da abin bayarwa duk da haka: hotuna masu kyau, ganawa da masana, labari kafin kowa ya samu, da gayyata zuwa horon da ma'aikata take shiryawa.

Mataki na 9: Bibiya, gyara da suka

Ka sa sunan ƙungiyarku a Google Alerts, wanda zai aiko maka imel idan an ambace shi a intanet, amma ka sani ba ya ganin yawancin abin da ke yawo a Facebook, balle WhatsApp, don haka sai ka riƙa dubawa da kanka safe da yamma, kana ɗaukar hoton allon waya na duk abin da aka wallafa tare da ranarsa.

Idan an yi kuskuren adadi ko suna, ka kira mawallafin shi kaɗai, ka fara da godiya, ka faɗi daidai ɗin tare da takardar da ke tabbatar da shi, ka roƙi a gyara a jikin rubutun na farko domin shi ne yake yawo. Kada ka gyara masa a bainar masu karatunsa. Idan sukar ku ya yi, kuma gaskiya ne, misali ya rubuta cewa rufin rumbun yana yoyo, to amsarka ita ce ranar da za a gyara, sannan ka gayyace shi ya zo ya gani bayan an gyara. Idan ƙarya ce, ka rubuta martani gajere mai hujja ka nemi ya wallafa shi a inda ya sa na farko.

Abu biyu nake roƙonka kada ka yi ko da shugaba ya matsa. Kada ka tara samari su yi masa rubdugu da zagi, kada kuma ka garzaya wurin 'yan sanda. An yi amfani da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wajen tsare 'yan jarida da dama, har aka yi masa gyara a 2024, kuma ma'aikatar da ta sa aka kama marubuci takan mayar da labarin kwana ɗaya ya zama na wata guda, sauran mawallafa kuma su juya mata baya. Wanda ya fito fili ya ce a biya shi ko ya ɓata ku, ka ajiye saƙonninsa, ka sanar da shugaba da lauyanku a rubuce, kada a ba shi ko kwabo.

Mataki na 10: Auna sakamako

Koma ga jimlar da ka rubuta a mataki na 1. Idan rajistar manoma ake nema, to duk wanda ya zo ko ya kira a tambaye shi inda ya ji labari, a rubuta a gefen sunansa. Idan akwai adireshin intanet da ake so a latsa, ka ba kowane mawallafi nasa gajeren adireshi ta Bitly, za ka ga wanda ya fi kawo mutane. Rahotonka ga shugabanni ya zama shafi ɗaya: wa aka tuntuɓa, wa ya wallafa, me aka kashe, manoma nawa suka zo, da ƙorafin da aka ji, wanda shi ma ka rubuta shi yadda aka faɗe shi.

A ranar da rubutu ya fito ka aika wa mai shi godiya ta layi biyu, ka cike gurbinsa a rajista. Bayan wata uku, idan aka buɗe rumbun aka ƙirga buhunan da suka tsira da waɗanda suka lalace, ka ɗauki adadin yadda yake, mai daɗi ko akasin haka, ka fara aika shi ga mawallafin da ya bi ku har Bokkos, tare da lambar manomiyar da ya yi hira da ita idan ta yarda a ba shi.